Taimama a Bayan Tanderu

Yau kwana uku ke nan da famfon unguwarmu ya mutu. Mai gyara ya zo daga Kebbe a kan babur, ya hau saman tanki, ya leƙa farantan sola, ya sauko yana kaɗa kai, ya ce sai an sayo wani abu daga Sakkwato. Tun daga ranar ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Ga azumi ya faɗo tsakiyar bazara, da irin zafin da ke sa kaza ta buɗe baki ta saki fukafukai a gindin rumbu. Ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya. In shiga zaure, in fito, in leƙa randa, in koma. Har matata ta gaji ta ce, "Malam, leƙe ba shi cika randa." Na daka mata tsawa, daga baya na ji kunya, don gaskiya ta faɗa.

Ba ƙishirwa ce ke damuna ba. Azumi yakan yi shekara talatin da uku kafin ya zagayo lokacin da ya bari. To ga shi ya zagayo ya same ni da raina, ya kuma zo da rashin ruwa irin na waccan shekarar, shekarar da hannun yayana Mani ya mutu a jikinsa. Duk wanda ya san gidanmu ya san hannun nan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne rabon da nake da shi a ciki.

A lokacin mahaifinmu ya rasu, Yaya Mani ne babba, kuma hannunsa na dama ne ke ciyar da mu duka: Inna, da ƙannenmu mata biyu, da matarsa mai goyo, da ni. Idan ya ɗauki sungumi ranar shuka, mata uku na binsa da iri ba sa cim masa. Ni kuwa na yi shekaru a Jabo ina karatu wurin wani malami, na dawo da tafin hannu mai laushi da baki mai kaifi. Na san ƙananan littattafan fiƙihu da ka, kuma ina son a san na sani.

Daminar da ta gabaci waccan bazarar ta yaudare mu. Ruwa ya yi kyau da farko, sai da gero ya fara fitar da kai ya ɗauke cak. Muka yi ta duban gabas har wuya ya ƙage. Abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba. Kafin sanyi ya wuce Inna ta canza ƙoƙon awo zuwa ƙarami ba tare da ta faɗa wa kowa ba, furar rana ta koma ruwa-ruwa, tuwo ya koma sau ɗaya. Shi ya sa da Yaya Mani ya ce zai koma cin rani inda ya yi bara, na ce zan bi shi. Ya dubi hannuwana ya yi dariya, ya ce, "To Malam, taho ka ga yadda aka cin tuwo ba da allo ba."

Wurin yana bayan garin Tambuwal, ta wajen hanyar Dogon Daji. Kamfani muke ce masa, amma fili ne aka zagaye da katanga, da rumfunan kwano, da tanderu biyu. Tsofaffin baturan mota ake kawowa a manyan motoci. Mu na waje mu sauke, mu fasa su da gatari, mu zubar da ruwan batir a wani rami, mu zare farantan da ke ciki. Su na ciki su loda farantan a tanderu, su hura wuta har dalma ta narke, su kwashe dattin da ya taso sama, su ɗebo ta da babban ludayin ƙarfe su zuba a mazubi, ta daskare kamar bulo. Yaya Mani ne mai ludayi a tanderu na farko. Ba kowa ake ba wannan aikin ba, sai mai hannun da ba ya rawa.

Ruwan batir ya cinye mini wando biyu cikin wata guda, shi muke tsoro, don shi muke gani. Hayaƙin kuwa ba mu ɗauke shi komai ba. Yana da wani ɗan zaƙi-zaƙi a maƙogwaro, in ya yi yawa mutum ya ja gefen rawaninsa ya rufe hanci. Wata toka mai laushi, fari-fari, takan sauka a kan komai: kan kwano, kan gira, kan kwanon abinci. Da yamma mukan karkaɗe riguna mu yi ta tsokanar juna cewa mun tsufa kafin lokaci.

Haka muka yi har azumi ya kama, zafi kuma ya buɗe sosai. Tun hantsi kwanon rumfa ke ƙara yana ɗaukar wuta, ga tanderu daga ƙasa. Rijiyoyin gefen nan suka ja baya, guga ya riƙa fitowa da laka. Mai kawo mana ruwa a jaki da can duro biyu yake cikawa, sai ya koma ɗaya, wani lokaci ma bai cika ba. Daga cikinsa za a yayyafa wa mazubi, daga cikinsa mutum wajen ashirin za su sha ruwa da magariba, don ba a tashi aiki sai rana ta faɗi.

Tun zuwana ni suka sa a gaba ina ba su salla, saboda karatun nan nawa. Ranar huɗu ga azumi, da azahar, muka taru bakin duro da butoci. Yaya Mani ya leƙa ciki, ya ɗago, ya ce, "Buhari, wanga ruwa ba shi isa mu sha, balle alwala. Kai da kay yi karatu, mi littafi yac ce?"

Ina tuna yadda na gyara tsayuwa. Na ce idan ruwa ya yi ƙaranci har ana tsoron ƙishirwa, an yarda a yi taimama: mutum ya buga tafukansa a ƙasa mai tsarki, ya shafi fuska, ya sake bugawa ya shafi hannuwa. Wannan hukunci daidai ne, ko yau aka tambaye ni haka zan faɗa. Sai wani ya ce to ina ƙasa mai tsarki a filin nan, ko'ina ruwan batir da fitsarin jaki? Nan ma ni na zagaya na nemo. A bayan tanderun Yaya Mani akwai wani lungu tsakanin rumfa da katanga, ba mai bi, ba dabbar da ke shiga, ga inuwa da azahar. Ƙasar wurin lukui take, babu tsakuwa ko ɗaya, iska ta tara ta a gindin katanga. Na durƙusa na taɓa, na ji ta kamar garin tuwo. Na ce, "Ga ƙasa nan, ko a Makka sai haka." Suka yi dariya, suka yi layi.

Daga ranar lungun nan ya zama wurin alwalarmu. Azahar, la'asar, magariba. Mutum ya buga hannu, ya shafa a goshi, a kumatu, a gemu, har gefen leɓe. Da an ce rana ta faɗi, da waɗannan hannuwan za mu ɗauki dabino, mu tsoma yatsa a kunu mu ji ko ya huce, mu lashe. Wa zai ɓarnatar da ruwa a wankin hannu, alhali malam ya ce hannun na da tsarki? Yaya Mani kuwa mutum ne mai son cika abu. Inda wani zai shafa sau ɗaya ya wuce, shi sai ya bi ko'ina a hankali, har tsakanin yatsu.

Kafin azumi ya raba tsakiya jikinmu ya fara magana. Ni dai bakina ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe, kamar na kwana da kwabo a ƙarƙashin harshe, kaina kuma na sara daga hantsi. Wata rana a sallar la'asar na kama surar da na haddace tun ina yaro, na kai tsakiya ta ɓace mini sarai, na tsaya shiru har wani daga baya ya ɗora ni. Mutane suka yi ta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Abokai biyu 'yan gari ɗaya suka kusa sare juna da gatari a kan inuwa. Kowa ya ce azumi ne da zafi, ni ma haka na ce.

Na Yaya Mani ya fi na kowa, don shi wannan ne raninsa na biyu a bakin tanderu. Ciki ya riƙa murɗa masa har ya durƙusa ya dafe cibiya, ya yi kwana huɗu, biyar, bai zaga ba. Aka jiƙa masa tsamiya da kanwa, aka kawo sassaƙe iri-iri, ba abin da ya motsa. Fuskarsa ta yi fari kamar wanda ya tashi daga doguwar jinya. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar nan ya zage ni a gaban jama'a don na ajiye masa buta a hagu maimakon dama. Na ce masa ya ajiye azumi ya rama daga baya, shari'a ta ba shi dama. Ya harare ni. "Lahiyata lau. Yunwa ta, ba wani abu ba. Kak ka sake yi min wagga magana."

Cikin goman ƙarshe na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Ya ɗebo dalma da ludayi zai zuba, sai ludayin ya karkace, narkakkiyar dalma ta zube ƙasa tana tartsatsi dab da ƙafarsa. Ya tsaya yana duban hannunsa kamar na wani. Ya ce gumi ne ya sa ya suɓuce. Daga ranar na lura da hannu biyu yake riƙe ludayin, yana juya baya don kada a gani. Na gani, na kuma yi shiru, don ina tsoron abin da zan ji in na tambaya.

Muka koma gida da salla, da buhun dawa biyu a bayan mota. Inna ta dubi Yaya Mani sau ɗaya ta kawar da kai. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika duban fuskarsa ba, sai dai ta ce "wancan" ko "mai gidan ga". Ni ta ja gefe ta ce, "Mi kunka yi mai can?" Na ce zafi ne, zai murmure in ya sha furar gida.

Muka zauna jiran ruwa. Kullum da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi, iska ta taso da ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya daga wani wuri, sannan ya watse ya bar mu da gumi. Yaya Mani ya fito da sungumi ya gyara ƙotarsa, ya jingine a zaure. Na lura da hagu yake shan fura. Sai wata ranar Laraba da hantsi sama ta buɗe, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya har bayan azahar, yara suka fita tsirara suna ihu. Washegari tun da sassafe duk garin ya fita gona.

Yaya Mani ya tsaya a bakin kunya ta farko, Inna da matarsa da ƙannenmu a bayansa da ƙoren iri. Ya yi bisimilla, ya ɗaga sungumi, ya sara. Sara na uku sungumin ya fita daga hannunsa ya faɗi gefe. Ya ɗauka, ya sake, ya sake faɗuwa. Sai ya miƙa hannun gabansa yana ƙoƙarin ɗaga shi. Daga wuyan hannu zuwa yatsu ya saki, ya rataya ƙasa, ya ƙi tashi. Inna ta ajiye ƙwaryar iri. A gaban surukarta, a gabanmu duka, ta ce, "Usmanu." Sunansa na yanka ke nan, ban taɓa jin sa a bakinta ba sai ranar, ban kuma sake ji ba har ta rasu.

Mutane suka ce sammu ne, wasu suka ce shanyewar jiki, wasu suka ce ya taka wani abu. Na yi masa rubutu ya sha har na gaji. Bayan mako guda na ɗora shi a mota muka tafi asibiti a Tambuwal. Wani dattijon malamin asibiti ya duba shi, mutum mai magana a hankali. Ya ɗaga hannun ya saki, ya faɗi. Ya ce wa Yaya ya buɗe baki, ya ɗaga masa leɓe, ya kira ni in gani: wani siririn layi baƙi-baƙi a dasashi, dab da haƙora. Ya ce in buɗe nawa. Ni ma akwai, sai dai bai kai nasa ba.

"Ina kuke aiki?" ya tambaya. Muka faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ce gubar dalma ce. Tana shiga ta hanci da hayaƙi, tana shiga ta baki da ƙura, ta zauna a jini da ƙashi, ta taɓa ciki da ƙwaƙwalwa da jijiya, kuma hannun da ya fi aiki shi take fara kamawa. Ya ce cikin da babu abinci ya fi saurin shanye ta. Sannan ya ce, "Kuna wanke hannu kafin ku ci abinci?"

Yaya Mani ya yi 'yar dariya. "Likita, ruwan alwala ma ba mu da shi. Ƙanena ga malami na, shi yab ba mu fatawa munka yi ta taimama."

Da alfahari ya faɗa, wallahi da alfahari. Dattijon ya ajiye alƙalaminsa, ya juyo gare ni. "Da wace ƙasa?"

Na faɗa masa. Lungun, da inuwar, da laushin. Ina faɗa ina jin muryata na raguwa, don kafin in kai ƙarshe na riga na gane. Ya ce, "Malam, wannan ba ƙasa ba ce. Tokar dalma ce da ke sauka daga tanderu." Da ya ga yadda fuskata ta koma sai ya ƙara da cewa hayaƙin da Yaya ya shaƙa rani biyu shi ne babba, ko ba taimama zai iya kamuwa, kuma masu wurin ne ya kamata su tanadi ruwa da abin rufe hanci. Na san don ya sanyaya mini rai ya faɗa, na kuma san gaskiya ce. Amma ba ta taɓa isata ba.

A hanyar dawowa na kasa duban Yaya. Mun wuce rabin hanya kafin ya ce, "Buhari, abin da nika so da kai, kak ka faɗa ma Inna zancen ƙasar ga." Ban faɗa ba. Shi ma bai sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya, ko cikin fushi.

An tura mu babban asibiti a Sakkwato, aka yi masa allurai na kwanaki. Ciwon cikin ya tafi, yatsu suka ɗan dawo har yana iya riƙe carbi, amma wuyan hannun bai sake tashi ba. Daminar nan ni na ɗauki sungumi. Tafin hannuna ya yi kanta ya fashe ya sake yi. Maƙwabta suka yi mana gayya a noman farko, Inna ta dama musu kunu da ragowar dawa, Yaya Mani na bin bayanmu yana cire ciyawa da hagu, yana gyara mini riƙon hauya da baki. Mun ci, ba mu ƙoshi ba, amma mun kai kaka. Tsakanin noma da maimai na koma kamfanin na tara mutanen da na ba salla, na ce musu na yi kuskure, su bar lungun nan, su bar aikin ma in za su iya. Wasu suka ji. Wani ya ce, "Malam, yunwa ma guba ta." Bayan wasu shekaru aka rufe wurin, yanzu in na wuce a mota ina ganin awaki na kiwo a cikin katangar.

Mutane na cewa ina da zafin rai da mantuwa. Ban sani ba ko halina ne, ko ragowar waccan shekarar ce. Abin da na sani, tun daga lokacin ni nake zuba wa Yaya Mani ruwan alwala in dai ina gari, don hannunsa ba ya iya karkata buta. 'Ya'yansa sun girma, jikoki sun cika gida, kowa na iya yi masa, amma sun san ba a taɓa butar nan.

Ɗazu da azahar na same shi a zaurensa, ya tsufa, gemu ya yi fari fat. Ya girgiza butar da hagu, ba komai ciki. Ya ce ɗan ruwan da ya rage a gidan na buɗa-bakin yara ne. Sai ya matsa bakin ƙofa, ya share ƙasa da gefen hannu, ya ce, "Bari in yi taimama, Malam. Ƙasar gidanmu ta, ba abin da ad da ita."

Gaskiyarsa ne. Ƙasar zauren nan mahaifinmu ya daɓe ta, tsarkakakkiya ce, hukunci kuma na nan yadda yake. Na san haka fiye da kowa a garin nan. Duk da haka na ce masa ya dakata, akwai sauran lokaci. Na ɗauki butar da jarka ɗaya na nufi tsohuwar rijiyar fadama, tafiyar da ta fi ƙarfin mai shekaruna da azumi a baki. Ƙasa na ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Na zura guga sau bakwai kafin in tara abin da zai isa, na zauna na jira laka ta kwanta.

Da na dawo yana nan inda na bar shi, bai taɓa ƙasar ba. Ya dube ni, jiƙe da gumi, ina haki. Ya ce, "Shekara talatin da ukku, Buhari. Ba ka gaji ba?"

Na ce, "Miƙo hannun, Yaya."

Ya tallafo na daman da na hagu, ya miƙo mini, na fara zubawa.